Kwaɗon Bayan Gidan Alhaji Bala

Shekara uku bayan na ajiye alli na shiga bakin mutanen Unguwar Sanusi, kuma har yau ban gama fita ba. Ku 'ya'yana kun ji labarin nan a bakin kowa. Kun ji shi wajen mahaifiyarku, kun ji shi wajen maƙwabta, Auta ma a wajen mai shayi ya fara jin sa. A bakina ne kawai ba ku taɓa ji ba, domin duk ranar da na ɗauko shi sai ɗayanku ya tuna yana da saƙo a waje, wani kuma wayarsa ta yi ƙara. To, ga shi na rubuta. Wanda ya ga dama ya karanta a tsaye, amma ya karanta har ƙarshe.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Kowace shekara sai na zana kwaɗo a allo, ina kwaikwayo daga littafin da aka buga a ƙasar da ko damina ba su sani ba. Yara su haddace wancan kwaɗon su ci jarrabawa, su fito su tsallake namu a bakin kwata ba su san ko iri nawa ne ba. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Saboda haka da na yi ritaya na sayi kyamara ta hannu, da tocila mai ƙarfi, da dogon takalmin roba, na ƙudura cewa kafin in mutu sai na haɗa ɗan littafi na kwaɗin kudancin Kaduna, kowanne da hotonsa da wurin da yake zama. Mahaifiyarku, Hajiya Asabe, ta dubi takalmin ta dube ni.

"Malam, mutane fa in sun yi ritaya kaji suke kiwo."

"Kaji kowa ya san su," na ce mata.

"Ai shi ya sa ba a zagin mai kiwonsu."

Wanda bai taɓa gwada ɗaukar hoton kwaɗo ba bai san iyakar haƙurinsa ba. Da ruwa ya sauka, tsakanin magariba da isha'i suke fara kuka, kowane iri da muryarsa, kuma da kunne ake nemansu kafin ido. Sai ka bi murya ɗaya cikin ɗari, ta cikin ciyawa da taɓo, sauro na cin ƙeyarka. Ka same shi, ka durƙusa, ka saita kyamara, ka riƙe numfashi, kana taɓa maɓalli ya yi tsalle. A daminar farko na wanko hotuna a wani shago, na dawo gida da hoton taɓo, da hoton ciyawa, da ƙafar baya ta wani burduddugi tana fita daga gefe, da babban yatsana har sau uku. Ku da kanku kun yi ta dariya kuna miƙa wa juna. Haushin ranar ne ya sa na sauya dabara, kuma dabarar ce ta ja mini duk abin da ya biyo baya.

Ga yadda na koma yi. In na kama kwaɗo sai in sa shi a kwalba mai faɗin baki, in huhhuda murfin, in zuba masa jiƙaƙƙen ganye, ya kwana a bayan ɗakina. Da safe, lokacin da haske ke da laushi kuma sanyi ya kashe masa jiki, sai in shimfiɗa farin ƙyalle yadi ɗaya a tsakar gida don launinsa ya fito, in ɗora shi, in ɗauka. Da yamma in mayar da shi daidai inda na ɗauko shi, domin ba ni da hakkin raba shi da wurinsa. Matsalar ita ce tuna wurin. Kun san garin nan, ba wanda ke kwatance da sunan layi, da sunan mai gida ake yi. Don haka nake yagar 'yar takarda in rubuta "bayan gidan wane" in jefa cikin kwalbar, in kuma shigar a babban littafina. Da tafiya ta yi tafiya ƙiwa ta sa na daina rubuta "bayan gidan", sai sunan mutumin kawai.

Mutum ɗaya ne ya hango abin. Baba Ishaya, tsohon ma'aikacin masaƙa ne mutumin Kagoro, yana da 'yar gonar shinkafa a fadamar bayan unguwar Television, kuma shi ya ba ni izinin shiga gonarsa duk sanda na so. Wata yamma ya ɗaga kwalbata ya karanta sunansa a ciki, kwaɗo na zaune a kai.

"Ticha, ni dai na san ka. Amma wannan abu, kwaɗo a kwalba da sunan mutum, ka san yadda mutanenmu za su karanta shi? Naku da namu duka fa."

"Baba, wannan kimiyya ce."

"To, ka dinga rubuta kimiyya a jikin murfin," in ji shi, ya miƙo mini kwalbar.

Na yi dariya na manta. Ni ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tun ina yaro nake jin cewa masu asiri kan sa sunan mutum a jikin kwaɗo don su rufe masa baki. Amma shekarun da na yi a gaban allo sun sa na ɗauka wannan magana ta wasu mutane ce can, ba ta waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci ba.

A damina ta uku ne maganar auren yayarku Bilkisu ta taso. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Nura, mai neman ta, yaro ne mai hankali, shekara biyu suna tare, kuma ko makaho ya san ranta na wurinsa. Mahaifinsa, Alhaji Bala, mai sayar da kayan gini a Unguwar Mu'azu, shi ne ya ƙi cewa i, ya ƙi cewa a'a. Yau a ce yana bincike, gobe a ce ya yi tafiya, jibi a ce yana shawara da 'yan'uwa. Bilkisu ta rame a tsaye. Ni kuwa na ɗauki abin da sauƙi, don na san duk binciken da za a yi a gidana ba abin da za a samu sai littattafai.

Akwai wani kwaɗo da na shekara biyu ina nema. Ƙarami ne, bayansa ja jawur, gefensa da ƙafafunsa baƙi wuluk, kuma ba ya tsalle kamar sauran, tafiya yake yi a hankali. Sau ɗaya na taɓa ganin sa, ya shige rami kafin in cire murfin kyamara, amma na riƙe muryarsa, wani dogon kaɗawa mai daɗi. Wata Talata, bayan ruwan la'asar mai ƙarfi, ina dawowa ta Unguwar Mu'azu na ji ta. Na bi ta lungu, na tsallake kwata biyu, na faɗa ta uku har gwiwa, na same shi a gefen wani ɗan tafki bayan doguwar katanga. Na sa shi a kwalba na rufe. Na tambayi wata mai tuyar awara gidan wa ye wannan, ta ce na Alhaji Bala ne mai siminti. Wallahi murna na yi. Na ce a raina ga abin hira na samu ranar da za mu zauna a matsayin surukai. Na rubuta "Alhaji Bala" na jefa a kwalba.

Washegari da hantsi na shimfiɗa farin ƙyallena. Abin da ban sani ba shi ne, a ranar ce yayar Alhaji, Gwaggo Hajara, ta zaɓa ta yi irin zuwan nan na mata, wanda ake cewa hanya ce ta biyo da mutum, alhali an zo ganin tsaftar gida da tarbiyyar yarinya. Ta yi sallama sau ɗaya ta shigo. Ku tsaya ku ga abin da ta gani. Dattijo a durƙushe, gwiwa da gwiwar hannu a ƙasa. Farin ƙyalle. A tsakiyarsa kwaɗo ja da baƙi. A gefensa jiƙaƙƙiyar takarda da sunan ƙanenta. Ni kuma bakina dab da kwaɗon ina ce masa a hankali, "Zauna nan. Kada ka motsa sai na gama da kai." Na ɗago na yi mata murmushi, har na ce ta matso ta gani, a bayan gidansu na samo shi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta fita da baya, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Mahaifiyarku ta fito daga kicin da ludayi, ta dubi ƙofa, ta dubi ƙyallen, ta karanta takardar, ta zauna a ƙasa inda take.

"Malam, ka kashe mu."

"Me na yi? Ki bari in bi ta in yi mata bayani."

"Kada ka bi ta! Bayaninka ne ya kawo mu nan."

Yanzu ku ji inda ƙaddara ta yi mini dariya. Ruwan Talatar nan da ya fito da kwaɗon, shi ne ya doki Alhaji Bala a wajen sauke siminti. Ya kwana da mura, ya tashi Laraba murya ta shaƙe, ko amsa sallama ba ya iyawa. Gwaggo Hajara ta baro shi a gida yana magana da hannu, ta zo ta tarar da ni a kan farin ƙyalle. Ni ban san da wannan ba. Da yamma na yi abin da na saba, na ɗauki kwalbata na koma bayan katangarsa na saki kwaɗon, mai awara da masu sayenta suna kallo. Ranar Juma'a mura ta sake shi, kamar yadda mura ke sakin kowa bayan kwana uku, murya ta dawo. Shi ke nan. A bakin mutane, na ɗaure masa baki, an kama ni, na kwance. Ko ni aka kawo wa labarin a jere haka, sai na yi tunani sau biyu kafin in musa.

Aka kira zama a falon Alhaji. Akwai shi, akwai limamin masallacinsu, na tafi da Baba Ishaya ya yi mini shaida. Mahaifiyarku ta roƙe ni in ba da haƙuri kawai in rufe bakina. Ban ji ba. Na kwashi kundin hotunana da babban littafina, na tafi kamar mai shiga aji. Na yi musu bayanin yadda kwaɗo ke cin sauro, da yadda yake numfashi ta fata, da bambancin na ruwa da na tudu. Alhaji yana kallon silin. Don in kawo ƙarshen zargi, sai na miƙa wa Liman littafin da hannuna, na ce ya duba ya ga ba Alhaji kaɗai ba ne, haka nake yi wa kowa. Ya gyara tabarau. Shafi bayan shafi, sunayen magidanta ne na unguwa uku, kowanne da rana, a gabansa an rubuta "an kama", can kuma "an mayar". Ya yi ta buɗawa, can ya tsaya, ya sa yatsa a kan wani layi.

"Malam Idi, ni kuma me na yi maka?"

"Allah ya gafarta Malam, kwatar bayan gidanka ce. Akwai wani mai ɗigo-ɗigo a ciki."

"Sau biyu fa na ga sunana."

"Ai na farkon hoton bai fito ba."

Baba Ishaya ya ga ina nutsewa, ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ku yi haƙuri in sa baki. Ni sunana ya fi na kowa yawa a littafin nan. Shekara uku Ticha na shiga gonata. Ga ni nan, lafiyata lau, ba abin da ya same ni."

"Ba kai ne ruwa ya cinye wa shinkafa bara ba?" in ji Alhaji.

"Alhaji, ruwan nan gonar kowa ya ci."

"Ni dai taka na sani."

A nan na fahimci cewa ko me na faɗa a ɗakin nan shaida ce a kaina. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yara nawa na koyar a garin nan, wasu likitoci ne yau, ga ni a zaune a kan kafet ina rantsuwa cewa mura mura ce. Alhaji ya yanke magana. Ya ce shi ba ya son fitina, kuma ɗansa ya nace. In na kawo littafin da hotunan da ɗan katin da ke cikin kyamara aka ƙone a gabansa, na kuma yi alkawari a gaban Liman cewa na bar harkar kwaɗo har abada, to cikin mako biyu zai turo a nemi aure. In ban kawo ba zuwa Juma'a mai zuwa, kowa ya riƙe nasa.

Kwana shida na yi ina juya abin. Ina so ku gane cewa ba takarda kawai nake jin zafinta ba, ko da yake damina uku ce a ciki, da iri goma sha wani abu da ba wanda ya taɓa rubuta inda suke zama a garin nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ma'anar miƙawar. Wanda bai yi ba ba ya kai kayansa a ƙone. Ranar da na miƙa, na sa hannu ke nan a kan cewa na yi. Mahaifiyarku ta yi faɗa, ta yi kuka, ta turo mini yayanta, ta daina yi mini magana, ta dawo ta ci gaba da faɗan. Duk wannan ina iya ɗauka, na saba. Bilkisu ce ba ta ce komai ba. Ta kawo mini abinci ta durƙusa ta ajiye, ta ɗauke kwano, ta yi mini sannu, idonta a kumbure. Ranar Alhamis na ce mata, "Uwata, ke me kika ce?" Ta ce, "Duk abin da ka yanke, Baba." Da ta roƙe ni, wataƙila da na yi gardama. Na shiga ɗaki na ɗaure kayan da igiya.

Bayan sallar Juma'a aka yi abin a tsakar gidan Alhaji. Damina ta sa takardun sun yi sanyi, suka ƙi kamawa, sai da aka zuba kananzir. Hoton ja da baƙin nan yana sama, shi ne mafi kyawun hoton da na taɓa ɗauka a rayuwata, har ɗigon ruwa ana gani a bayansa. Na tsaya na ga ya naɗe. Kada ku tambaye ni ko na ɓoye kwafi. Na yi alkawari a gaban mutane, kuma ni ba na alkawari biyu. Liman ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya karɓi tuban Malam Idi, ya kare mu daga sharrin shaiɗan. Kowa ya shafa. Ni ma na shafa, don hannuna ya riga ya ɗagu.

Alhaji ya cika maganarsa, wannan ba zan hana shi ba. Aka yi aure bayan kaka. Abin da ya biyo baya kuwa kun ga wani, ba ku ga wani ba. Mutanen da a da suke ce mini Ticha suna wucewa suka koma durƙusawa in za su gaishe ni. Sau biyu ana yi mini sallama bayan isha'i, in fita in tarar da mutum da babbar riga yana rage murya, wai yana da shari'ar fili, ko zan taimaka a rufe bakin abokin shari'arsa. Na biyun da tsintsiya na raka shi. Ɗan tafkin bayan katangar Alhaji an cike shi an yi shaguna. Gonar Baba Ishaya, bayan rasuwarsa, an yanka ta filaye. In ruwa ya sauka yanzu ina zama a ƙofar ɗaki in saurara, muryoyin da nake iya rarrabewa suna raguwa kowace shekara, kuma waccan doguwar mai daɗi ban ƙara jin ta ba. Ba wanda zai iya nuna wa jikokina cewa ta taɓa zama a garin nan.

Duk wannan na haɗiye, kuma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Ranar da za a kai Bilkisu ɗakinta, aka shigo da ita wurina in yi mata nasiha kamar yadda aka saba. Mata suka ja baya suka ba mu wuri. Na faɗi abin da uba ke faɗa. Da na gama ta matso a lulluɓe, ta kama hannuna da hannu biyu, tana kuka, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni.

"Baba, na gode. Na san don ni ka yi, don ka ga Alhaji zai hana. Ba zan taɓa gaya wa kowa ba. Kullum ina roƙon Allah ya yafe maka."

Na buɗe baki zan ba ta amsa. Kafin in tattaro ta mata sun shigo da guɗa sun ɗaga ta, mota na jira a waje. Daga ranar zuwa yau ta haifi huɗu, kuma duk sanda na yi niyyar tayar da zancen sai in ga yadda take kallona da tausayi, in fasa.

To, Uwata, ga amsarki, ki karanta a gaban ƙannenki. Ban yi ba. Ban rufe bakin kowa ba don ki yi aure. Surukinki ruwa ne ya doke shi, kwaɗon kuma hotonsa kawai na ɗauka na mayar da shi gida. Ki daina nema mini gafarar abin da ban aikata ba, ina da zunubaina na gaske da suke buƙatar addu'arki. Abu ɗaya na yi dominki a waccan shekarar, ranar Juma'a ce, a tsakar gidan Alhaji Bala, kuma shi ne har yau ba ki yi mini godiyarsa ba.